Kalmar Mol da Lissafinta a Hausa: Misali Daga Takin Citta a Kudancin Kaduna

A Kafanchan da kewayenta, inda Bajju da Atyap da Ham da sauran al'ummu suke zaune, Hausa ce harshen kasuwa, kuma da ita malamin kimiyya kan warware abin da ya shige wa ɗalibi duhu a Turanci. Wannan maƙala za ta dubi kalma guda, wato mol, da yadda ake juya nauyin sinadari zuwa gare ta.

Mol ma'aunin ƙidaya ne irin dozin, sai dai shi ƙwayoyin sinadari yake ƙirgawa, kimanin 6.022 × 10²³. An shigar da shi cikin ma'aunan duniya a 1971, aka tsayar da adadinsa a 2019. Mai kwatanta shi da mudu ya kauce hanya. Mudun gero da na masara cikarsu ɗaya, amma yawan ƙwayarsu ya bambanta. Shi kuwa mol yawan ƙwayarsa ba ya sauyawa, nauyinsa ne ke sauyawa daga sinadari zuwa sinadari.

A ɗauki takin yuriya da manoman citta na Kachia da Kwoi suka sani, wanda ake rubutawa CO(NH₂)₂. Za a fara da tara nauyin ƙwayoyin zarra da suka haɗu suka tayar da shi: kabon 12, oksijin 16, naitarojin biyu 28, haidarojin huɗu 4. Jimla 60, wato mol ɗaya na yuriya giram 60 ne. Buhu mai kilo 50 giram 50,000 ne, saboda haka yana ɗauke da mol kimanin 833. Haka kuma 28 cikin 60 ne ya haifar da kashi 46 cikin ɗari na naitarojin da ake gani a jikin buhun.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen aikatau. Idan malami ya ce “a raba buhun gida 60”, lambar amsa za ta fito daidai, amma hoton da ɗalibi zai gani shi ne na rabo sittin, alhali ba shi ake nufi ba. Aikatau “kasa” ya fi dacewa: a kasa takin giram sittin-sittin, yadda mai tumatir ke kasa hajarsa a kasuwar Kafanchan, sannan a ƙirga. Kowane kashi mol ɗaya ne. Idan gishirin miya ne, kashin giram 58.5 zai zama.