Kwas Ɗin da Ba a Kunna Kwamfuta

A sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a Arewa akwai lacca ɗaya a mako da ɗalibai ke zuwa da biro da littafi kawai. Kwas ne na ladubban aiki da haƙƙin jama'a, su kuwa sun ɗauke shi na hadda, a karance a juye ranar jarrabawa. Kujerun baya kan riga na gaba cika.

Malamin kan fara da Therac-25, na'urar ƙona ciwon daji da wani kamfanin Kanada ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987, sau shida tana dirka wa marasa lafiya a Amurka da Kanada haske fiye da kima, wasu suka rasu. An cire makullan kariya da tsofaffin samfura ke da su, aka bar komai a hannun manhaja. Idan ma'aikaciyar asibiti ta yi saurin gyara abin da ta shigar, sai manhajar ta rikice, allo ya nuna wata lambar kuskure da ba ta bayyana komai ba. Ɗalibai na rubutawa, amma ka ga alamar abin ya yi musu nisa.

Ajin yana farkawa ne idan aka zo kan manhajojin ba da rance ta waya. Kusan kowa ya san wanda aka tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙo ana kiransa ɓarawo a kan 'yan dubbai. A 2022 har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas. A nan malamin kan tuna musu cewa wani mai digiri irin nasu ne ya zauna ya rubuta layukan da ke kwashe lambobin wayar mai cin bashi. Sai gardama ta kaure. Wasu su ce laifin maigida ne, yaro umarni ya bi, kuma aiki wuyar samu gare shi. Malamin ya kawo musu James Liang, injiniyan Volkswagen da kotun Amurka ta ɗaure wata 40 a 2017 saboda manhajar da ke yaudarar masu gwajin hayaƙin mota. Shi ma yana da shugabanni a samansa.

Dokoki ma na cikin darasin: ta laifukan intanet ta 2015, ta kare bayanan jama'a ta 2023, da ƙa'idojin ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM da aka sabunta a 2018. Wannan ɓangaren kam haddarsa ake yi.

Waɗanda suka fi baki a ajin su ne waɗanda suka dawo daga horon sanin makamar aiki na SIWES. Wata ta ba da labarin asibitin da ma'aikata duka ke shiga da kalmar sirri ɗaya, a rubuce a takarda an manna jikin allo, ga sakamakon gwajin jinin mutane a buɗe. Wani kuma an miƙa masa filas cike da lambobin tantancewar banki na BVN ya kai gida ya jera. Babu wanda ya taɓa gaya musu abin da za su yi a irin wannan hali.

Nan matsalar take: kwas ɗaya ne, kuma yana zuwa a makare. Tun 2001 manhajar karatu da ACM da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE suka tsara ta ware wa waɗannan batutuwa fanni na kansu, Jami'ar Harbad kuma daga 2017 ta fara cusa su cikin sauran darussa. Malamin yana son ganin haka a sashensu, mai koyar da rumbun bayanai ya tambayi wa ke da izinin buɗe wane fayil, mai duba furojet ya bincika inda aka samo bayanan mutane. Ya kai maganar taron sashe, abokan aikinsa suka ce zangon karatu bai isar musu nasu darussan ba ma.