Ba Kowane Ba'indiye Ne Ke Jin Indiyanci Ba

Jama'a da dama a zangunanmu, tun daga Nima har Aboabo, da kallon finafinan Indiya suka tashi, har ta kai wasu daga cikin iyayenmu mata na rera waƙoƙinsu ba tare da sun san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Wannan ya sa idan aka ce "Indiyanci", sai mu ɗauka harshe guda ne wanda kowane Ba'indiye ke ji. To, ba haka abin yake ba. Harshen da muka saba ji a finafinan Bombay sunansa Hindi, kuma na arewacin ƙasar ne. Shi kuwa fim ɗin Baahubali na shekarar 2015, wanda matasa suka yi ta rububinsa, da harsunan Telugu da Tamil aka shirya shi, sai da aka fassara wa masu jin Hindi kamar yadda ake fassara mana. Abin mamaki ma, masana sun tabbatar da cewa ta fuskar asali Hindi ya fi kusa da Turanci a kan Tamil.

Harsunan kudancin Indiya dangi ne mai zaman kansa da ake kira Dirabida, kuma masu magana da su sun haura mutum miliyan 200. Manyansu huɗu ne, kowanne da irin rubutunsa. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna Telugu na da kimanin mutum miliyan 81, Tamil miliyan 69, Kannada kusan miliyan 44, Malayalam kusan miliyan 35. Waɗanda suka yi zaman Saudiyya a cikinmu sun san mutanen jihar Kerala a kantuna da asibitoci; to, Malayalam ne harshen da suke ji suna yi a tsakaninsu.

An daɗe ana zaton waɗannan harsuna 'ya'yan Sanskrit ne, wato tsohon harshen addinin Hindu, saboda yawan kalmominsa da ke cikinsu. Wani jami'in mulkin mallaka a Madras mai suna Francis Ellis ne ya nuna kuskuren wannan zato a 1816, sannan a 1856 wani ɗan mishan, Robert Caldwell, ya wallafa littafin da ya kwatanta nahawunsu ɗaya bayan ɗaya. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce a wurin Bahaushe, domin yawan kalmomin Larabci a bakinmu bai mai da Hausa 'yar Larabci ba. Ba a gane dangin harshe da kalmomin malamai, sai da kalmomin cikin gida. Ɗaya, biyu, uku a Tamil su ne onru, irandu, munru; a Kannada ondu, eradu, muru; a Malayalam onnu, randu, munnu; a Telugu okati, rendu, mudu. Mai jin Hindi kuwa ek, do, tin zai ce. Ko makaho ya shafa ya san inda aka rabu.

Sai dai akwai wani ɗan uwansu da ya yi nisa da gida. A lardin Baluchistan na Pakistan, wajen garin Kalat, akwai Musulmi sama da miliyan 2 da ke magana da harshen Brahui, kuma tsakaninsu da kudancin Indiya tafiya ce ta fiye da kilomita 1,500. Ido a Tamil kan ne, a Brahui khan. Lissafinsu na farawa da asit, irat, musit, amma daga huɗu zuwa sama duk aro ne daga maƙwabta. Har yau masana na jayayya ko su ne ragowar mutanen da suka taɓa mamaye yankin tun zamanin da, ko kuwa hijira suka yi daga tsakiyar Indiya kimanin shekara dubu da ta wuce. Duk wanda ya taɓa jin yaron Zango ya fara ƙirga kuɗi da Hausa ya ƙarasa da Turanci ya san yadda lissafi ke fara zamewa daga bakin mutum.

Wani abin sha'awa shi ne Tamil na da "mu" iri biyu. Idan mai magana ya haɗa da wanda yake yi wa magana sai ya ce naam, idan kuwa ya ware shi sai ya ce naangal. Telugu da Malayalam ma haka suke. Mu da "mu" ɗaya ce gare mu, ɗan siyasa na iya tsayawa a gabanmu ya ce "mun samu ci gaba" ba tare da an gane ko da mu a ciki ba.

A ɓangaren zumunta, Bahaushe zai ji kamar yana gida, amma ba gaba ɗaya ba. A Tamil ana kiran wan uba "babban uba", ƙanen uba "ƙaramin uba", kuma 'ya'yansu 'yan'uwa ne na jini da ba a aure da su. Ɗan'uwan uwa kuwa, wato kawu, maama ake ce masa, kuma da wannan kalma ce ake kiran suruki, domin a al'ada 'yarsa ce matar da ake sa ran yaro zai aura. Ke nan taubasai ne kaɗai ke auren juna a can, alhali mu muna haɗa ɗan wa da 'yar ƙani. Amma dangantakar harshe ba ta mai da al'ada ɗaya ba. Al'ummar Nayar ta Kerala ta ɓangaren uwa take gado, kamar maƙwabtanmu Tonawa, wato Asante, har sai da dokar jihar ta 1975 ta soke tsarin.

Musulminsu ma suna da ajami. Na Tamil sunansa Arwi, na Kerala kuwa Arabi-Malayalam, kuma da shi ne Alƙali Muhammadu na garin Kozhikode ya rubuta waƙar Muhyiddin Mala a 1607, ta yabon Shehu Abdulƙadir Jilani. Duk ɗan Ƙadiriyya, da duk wanda ya san waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi da ya rasu a 1934, zai gane cewa rijiya ɗaya aka sha.

Mutanen nan ba sa wasa da harshensu. A 1952 wani mai suna Potti Sriramulu ya ƙi cin abinci har kwana 58, ya mutu yana neman a ba masu jin Telugu jiharsu, aka kuma ba su a 1953. A 1965 jihar Madras ta kama da wuta a kan yunƙurin mai da Hindi harshen hukuma shi kaɗai, kuma tun zaɓen 1967 jam'iyyar Congress ba ta sake mulkin jihar ba, wadda aka sauya wa suna zuwa Tamil Nadu a 1969.

Wannan a gida ke nan. Abin da ya fi shafar mu shi ne labarin waɗanda suka bar gida. Turawan Ingila sun kwashi dubban Tamil da Telugu zuwa gonakinsu na ƙasashen waje, kuma makomarsu ba ta zo ɗaya ba. A tsibirin Siri Lanka, Tamil ɗin da aka kai aikin gonakin kofi da shayi sun shekara fiye da ɗari a can, amma da aka samu 'yancin kai a 1948 sai aka kafa dokar da ta nemi mutum ya kawo shaidar cewa ubansa, wani ma har da kakansa, a tsibirin aka haife su. Ina lebura zai samo wannan takarda? Dubban ɗaruruwa suka wayi gari ba su da ƙasa. A yarjejeniyar 1964 aka amince a mai da mutum 525,000 Indiya, ƙasar da yawancinsu ba su taɓa gani ba, kuma sai a 2003 ragowar suka samu takardar zama 'yan ƙasa. Ba sai mun yi wa dattawanmu dogon bayani ba, su da suka ga Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice daga Ghana.

A Afirka ta Kudu kuwa wata asarar aka yi. Jirgin ruwa na farko, mai suna Truro, ya iso Durban daga Madras a watan Nuwamba na 1860, kuma kafin 1911 an kai leburori kimanin 152,000, mafi yawansu daga kudancin Indiya. Jikokinsu na nan da gidajen ibadarsu, da abincinsu mai yaji, da bikin Kavadi da suke yi duk shekara. Harshen ne ya tafi. Da Turanci ake karatu a makaranta, da shi ake samun aiki, kuma da yake Indiyawan ba harshe ɗaya ne da su ba, shi ne ya zama na haɗuwarsu. Sannan gwamnatin wariyar launin fata ta tashe su daga tsofaffin unguwanni irin su Cato Manor ta zuba su a ƙananan gidaje a Chatsworth, inda ba kowane gida ne ke da wurin kaka ba. A yau yawancinsu Turanci suke yi a cikin gida, Tamil ya koma harshen addu'a da waƙar biki.

A namu ganin, abin da ya bambanta su da 'yan'uwansu na gabas shi ne aji da allo. A Maleshiya akwai makarantun firamare sama da 500 da ake koyarwa da Tamil a cikinsu, a Singafo kuma Tamil na cikin harsunan hukuma guda huɗu, har a jikin takardar kuɗi ana ganin rubutunsa. Can ma Turanci na cin gidaje da dama, amma yaron da ya koyi rubuta harshensa yana da abin da zai miƙa wa ɗansa.

Za a iya cewa mu ba mu da wannan fargaba, tunda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci a kowane zango, har waɗanda ba Hausawa ba suna yin ta. Gaskiya ne, amma duk a baki take. Hausa ba ta cikin harsunan da hukumar ilimi ta Ghana ke koyarwa a makarantu. Yaranmu na zana jarrabawar Tonanci ko harshen Ga, su dawo gida su yi Hausar da ba su iya rubutawa da boko ba, balle ajamin Alhaji Umaru. Makarantun Islamiyya dai a hannunmu suke, kuma ba mu san dokar da ta hana a ware sa'a ɗaya ranar Asabar a koya wa yara karatu da rubutun Hausa ba.