Daga Kaduna zuwa Jidda: Ma'aunin Nisa a Idon Maniyyacin Birnin Gwari

Maniyyacin da ya baro Birnin Gwari da nufin sauke farali yana da zango biyu a gabansa. Na farko shi ne tafiyar mota ta kimanin kilomita 120 zuwa Kaduna, inda sansanin alhazai yake a Mando. Na biyu kuwa tashi ne daga filin jirgin saman Kaduna zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Zango na biyun nan ya kai kusan kilomita 3,600, wato ya ninka na farko sau talatin.

Wannan adadi ba da igiya ake samun sa a kan taswira ba. Da yake duniya ƙwallo ce, hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu takan bi lanƙwasar bayanta. Masana kan ɗauki matsayin kowane fili bisa layukan taswira: Kaduna tana kusa da digiri 10.7 arewa da 7.3 gabas, Jidda kuma 21.7 arewa da 39.2 gabas. Daga nan sai a fitar da kusurwar da ke tsakaninsu daga cibiyar duniya, wadda ta ɗan haura digiri 32. Kowane digiri ɗaya yana daidai da kimanin kilomita 111, sai a ninka. Matuƙa jirgi kuma da mil na teku suke lissafi, wanda tsawonsa kilomita 1.852 ne, don haka a wurinsu nisan ya kusa mil 1,950.

Sai dai jirgi ba kullum yake bin wannan miƙaƙƙen layi ba. Layin ya ratsa sararin Chadi da Sudan kafin ya tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, tilas jiragen alhazan Nijeriya suka yi zagaye, lokacin tafiya ya ƙaru, kuɗin mai ma ya ƙaru.

A nan ne tsohon ma'aunin Bahaushe yake da abin cewa. Alhazan dauri da suka bi ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar Sawakin ba su san kilomita ba. Da zango da kwana suke ƙidaya, wasunsu kuma sukan share shekaru a hanya, har wasu suka yada zango a Sudan ba su dawo ba. A wurinsu, nisa ya haɗa da lafiyar hanya da guzuri da samun ayari.

Mutanen Birnin Gwari sun ga gaskiyar wannan ma'auni. A shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dazukan Kamuku da Kuyambana, matafiya kan jira rakiyar jami'an tsaro kafin su kama hanyar Kaduna, kuma shi kansa filin jirgin ya fuskanci hari a watan Maris na 2022. Sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa motoci suka koma bin hanyar. Kafin wannan lokaci, kilomita 120 na zangon farko sun fi tayar wa maniyyaci da iyalansa hankali fiye da 3,600 na zango na biyu.