Daga Iblis zuwa Baphomet: Abubuwan da ya kamata ka sani game da sunayen shaiɗanu

A TikTok da zaurukan WhatsApp ana yawan yaɗa bidiyon da ke jero sunaye irin su Lucifer da Beelzebub da Baphomet, a ce duk laƙabin Shaiɗan ne tun fil azal. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Kowanne da lokacin da ya shiga sahu, kuma da yawansu abin girmamawar wata al'umma ne kafin abokan gabarta su mayar da shi dodo.

Waɗanda Musulunci ya ambata

Ba su kai yawan da ake zato ba. Sunan Iblis ya zo sau 11 a Alƙur'ani, Suratul Kahfi kuma ta fayyace cewa daga aljanu yake. Shaiɗan ya fi faɗi, domin Suratul An'am ta ambaci shaiɗanun mutane da na aljanu. Ifritu ba sunan yanka ba ne, siffar ƙaƙƙarfan aljani ce, irin wanda ya yi wa Annabi Sulaimanu tayin ɗauko gadon sarauniyar Saba'i.

A Sahihu Muslim, Usman bin Abil As ya kai kukan abin da ke rikita masa salla, aka gaya masa sunansa Khinzab. Shi kuwa Walhan mai waswasin alwala, Tirmizi da ya ruwaito hadisinsa da kansa ya ce isnadin ba shi da ƙarfi. Azazil, da ake cewa sunan Iblis ne kafin ya yi saɓo, babu shi a Alƙur'ani. Ta hanyar tafsirai ya shigo, kuma yana da ɗan'uwa a Attaura: Azazel, wanda Bani Isra'ila ke kora bunsuru daji dominsa a ranar kaffara.

Ba'al, wanda aka sauke daga gadon mulki

Allunan da aka fara tonowa a Ras Shamra ta ƙasar Siriya a 1929 sun nuna Ba'al a matsayin ubangijin hadari da ruwan sama wurin Kan'aniyawa. Shi ne gunkin da Annabi Ilyasu ya hana mutanensa kira, kamar yadda ya zo a Suratus Saffat. Littafin Sarakuna na biyu ya ba da labarin Sarki Ahaziya, wanda ya faɗo daga bene ya aika a tambayo masa Ba'alzabub, abin bautar birnin Ekron, ko zai tashi. Ma'anar sunan ita ce ubangijin ƙudaje, kuma masana da dama na ganin da gangan aka karkata shi don a yi wa gunkin shaguɓe. Kafin zamanin Linjila har ya zama sarkin aljanu, wato Beelzebub.

Irin wannan ta faru tsakanin Farisa da Indiya. Abin da Hindu ke kira deva su bauta masa, mabiya Zaradusht na kiransa daeva su nemi tsari da shi.

Lucifer

Sunan Gamzaki ne da Latin. Malamin coci Jerome ya yi amfani da shi a fassararsa ta Littafin Ishaya, sura ta 14, inda ake yi wa sarkin Babila habaici da tauraron asubahin da ya faɗo. Sunan bai zama abin ƙyama nan take ba, tunda a ƙarni na 4 an yi wani bishop a Cagliari da ke tsibirin Sardiniya mai suna Lucifer. Malaman coci ne suka ɗora ayar kan Shaiɗan, fassarar King James ta 1611 ta bar sunan yadda yake, ya zauna daram.

Baphomet

Nan ne masu bidiyon Illuminati suka fi yin kitso da ƙwarƙwata. A ranar 13 ga Oktoba 1307 Sarkin Faransa Philip na huɗu, wanda bashi ya yi wa katutu, ya sa aka kama mayaƙan ƙungiyar Templar. Da azaba ta yi azaba, wasu suka amsa cewa suna bauta wa wani kai mai wannan suna. Mafi yawan masana tarihi na ganin gurɓataccen lafazi ne na Mahomet, yadda Turawan zamanin ke kiran Manzon Allah (SAW), wato sharri biyu aka haɗa: aka ce mayaƙan sun yi ridda, aka kuma yi wa Musulmi ƙagen bautar gunki. Hoton bunsuru mai fukafukai da ake yaɗawa kuwa, wani Bafaranshe Eliphas Levi ne ya zana shi a tsakiyar ƙarni na 19, fiye da shekara 500 bayan shari'ar.

Namu na gida

Bahaushe ba ya son kama sunan aljanu, sai ya ce mutanen ɓoye. 'Yan bori ne ke da rajista: Sarkin Aljan Sulaimanu a birnin Jangare, da Inna, da Ɗan Galadima, da Kure, da Sarkin Rafi, har da Malam Alhaji mai carbi, alamar cewa bori ma ya ga zuwan Musulunci ya buɗe masa ɗaki. Malamai sun haramta yi musu yanka, sun kuma sanya su duka cikin aljanu.

Rajistar ba ta rufe ba. Wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, wasu sababbin iskoki suka ɓulla suna fareti da sara irin na sojan Faransa. Hausawa suka kira su Babule, Zabarmawa suka ce Hauka. Jami'in mulkin mallaka Crocicchia ya sa aka kama masu hawansu aka tsare. Ba a jima ba wani sabon iska ya sauka a cikinsu, ana kiransa Kwamanda Mugu.