Mesa a Hannun Ɗan Adam: Abin da Kimiyya Ta Gano Game da Riƙo da Ajiyar Manyan Macizai

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Hausa, tun daga manyan birane har zuwa garuruwan bakin Gulbin Rima irin su Wurno da Goronyo, ba zai rasa ganin gardawa masu wasa da maciji ba. Da an ji kiɗa da kirari sai a ga jama'a sun yi da'ira, gardi ya buɗe akwati ko ƙwarya ya fito da kumurci, ko kuwa ya saɓo mesa a kafaɗa yana zagaya fili da ita. Yara su yi ta kutsawa gaba, manya suna ja da baya. In an tashi wasa kowa ya kama gabansa, amma ba kasafai ake tunanin inda wannan mesa take kwana ba, alhali kuwa sau da yawa gida ɗaya take kwana da iyalin mai ita. Wannan maƙala za ta duba halittar mesa, da yadda masana suka ce a riƙe ta, da kuma haɗarin da ke tattare da sakinta a cikin gida.

Daɗaɗɗiyar Alaƙa

Maciji ba baƙo ba ne a tarihin Bahaushe. Labarin Bayajidda ya ginu ne a kan macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu. Ita kuwa ƙasar gabashin Sakkwato, tarihinta da dangin macizai ya girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba. A duwatsun yankin Goronyo ne aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da ta rayu fiye da shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da teku ya malale yankin. A 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, don tunawa da garin. Masana sun sanya ta cikin zuriya ɗaya da macizai da damo da guza.

A yau fadamun Rima, da gonakin rani na Wurno, da bakin madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984, wurare ne masu ruwa da duhuwa da yalwar ɓeraye da tsuntsaye. Irin wannan muhalli shi ne mesa ta fi so.

Halittar Mesa

Mesar da aka sani a ƙasar Hausa, wadda masana ke kira Python sebae, ita ce maciji mafi girma a nahiyar Afirka. Baligar mesa takan kai mita 3 zuwa 4, akwai kuma waɗanda suka doshi mita 6. Ba ta da dafi. Makamanta biyu ne: haƙora masu tsini da suka lanƙwasa zuwa ciki, da kuma ƙarfin tsoka. In ta cafki dabba sai ta naɗe ta, ta yi ta ƙara matsewa.

An daɗe ana zaton cewa rashin numfashi ne ke kashe abin da ta naɗe. Amma binciken da Scott Boback da abokan aikinsa suka wallafa a 2015, wanda suka yi da wani maciji mai matsewa irin na nahiyar Amurka, ya nuna cewa matsin yana tsayar da gudanar jini ne, har zuciya ta kasa aika shi zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan ya fi shaƙewa saurin kisa. Saboda haka naɗa mesa a wuya, kamar yadda wasu masu wasa ke yi don burge 'yan kallo, ganganci ne. Manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta gefen wuya suka bi, kuma in an danne su mutum na iya suma cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ba sai mesar ta yi nufin kisa ba. Tsoron faɗuwa kaɗai ya isa ya sa ta ƙara riƙo, kamar yadda take yi wa reshen itace.

Yadda Take Gane Duniya

Maciji ba shi da kunnen waje. Yakan ji girgizar ƙasa ta ƙashin muƙamuƙinsa, yana kuma jin wasu sautuka masu kauri, amma ba ya fahimtar kirari ko waƙa. Kumurcin da ake gani yana rausaya a gaban gardi motsin hannu da na jikin mai wasan yake bi.

Harshen da maciji ke zarowa kullum shi ne babbar hanyar sansanarsa. Yana ɗebo ƙwayoyin wari daga iska ya kai su wata gaɓa da ke cikin ganɗarsa, daga nan saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Ban da wannan, mesa tana da wasu 'yan ramuka a leɓenta masu gane ɗumin jikin dabba ko da a cikin duhu. In aka haɗa waɗannan biyu za a fahimci dalilin yawancin cizon da masu ajiyar mesa ke samu: hannu mai ɗumi, wanda bai daɗe da taɓa kaza ko ɓera ko zomo ba, a wurin mesa abinci ne.

Wani abin lura shi ne, zafin jikin maciji yana bin yanayin wurin da yake. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma mesar da aka bari cikin akwati ko buhu a rana tana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Da hunturu kuwa jikinta yakan yi sanyi, ta yi lakwas, abinci ya ƙi narkewa a cikinta. Mai kallo sai ya ɗauka ta yi laushi ne don sabo, alhali da jikinta ya ɗumama ƙarfinta zai dawo.

Ƙa'idojin Riƙo

Ma'aikatan gidajen namun daji da likitocin dabbobi suna da ƙa'idojin da suke bi, waɗanda suka dace da duk wanda sana'a ko aiki ya haɗa shi da babban maciji:

1. Mutum ɗaya ba ya riƙe mesar da ta haura mita 2 da rabi shi kaɗai. Dole a sami wani baligi a kusa, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon yawan masu riƙo.

2. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ta don kawar da warin abinci. A fara taɓa jikinta da sanda mai ƙugiya, don ta gane ba ciyarwa aka zo yi ba.

3. A tallafi jikinta a wurare da dama. Ɗaga ta ta wuya ko ta wutsiya kaɗai yana iya ji mata ciwo a ƙashin baya, yana kuma firgita ta.

4. Kada a ɗauke ta sai bayan aƙalla kwana 2 da cin abinci, in babban abinci ne ma fiye da haka. In ba haka ba takan amayar da shi.

5. A ƙyale ta lokacin saɓa. Idanunta sukan yi hazo a wannan lokaci, ba ta gani sosai, don haka takan yi saurin kai cizo. Haka nan macen da ke kwance a kan ƙwai, domin mesa tana naɗe ƙwanta tana gadinsa fiye da wata biyu.

6. In ta naɗe mutum, daga wutsiya ake fara warware ta. In ta ciji hannu kada a fizge, domin lanƙwasassun haƙoran za su yage nama. Sai a tura hannun ciki kaɗan a zare, sa'an nan a wanke raunin a tafi asibiti.

7. A sake wanke hannu bayan an gama. Macizai da ƙadangaru suna ɗauke da ƙwayoyin cutar salmonela a hanjinsu, masu haddasa gudawa da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu.

Sakinta a Cikin Gida

A Turai da Amurka akwai masu kiwon macizai don sha'awa, kuma sukan fito da su daga keji don su motsa jiki. Wadda aka fi kiwo ita ce ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo, da ake fitarwa daga Gana da Togo da Binin, wadda ba ta cika wuce mita 1 da rabi ba. Irinta ce ake girmamawa a ɗakin bauta na garin Wida a Jamhuriyar Binin. Masu kiwon kirki ba sa sakin maciji sai a ɗaki rufaffe da aka toshe kowace kafa, babu yara, babu kyanwa ko kare, babu wuta, kuma idon mai shi yana kansa har a mayar da shi a kulle.

Babbar mesa kuwa lamarinta daban ne. A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na ƙasar Kanada, wata mesa irin ta Afirka ta fita daga inda aka ajiye ta ta bututun iska, ta faɗo cikin ɗakin da wasu yara biyu 'yan uwan juna, masu shekara 4 da 6, suke barci, ta hallaka su. Shekara guda kafin wannan, a 2012, gwamnatin Amurka ta hana shigo da irin wannan mesa ƙasarta, bayan da mesar Bama da ta kuɓuce daga hannun masu kiwo ta yaɗu a fadamun jihar Fulorida tana cinye namun dajin wurin.

In haka ta faru a ginin siminti, to ina ga gidan ƙasa mai rariya da tsagar bango da rufin azara, ga kaji da awaki a tsakar gida, ga jarirai kwance a tabarma? Duk kafar da kan mesa ya shiga, galibi jikinta zai bi. Don haka tsarin gidan Bahaushe bai dace da sakin babban maciji ba ko na ɗan lokaci. Wanda ya zama dole ya ajiye, sai ya tanadi ɗaki na daban nesa da wurin kwana, mai ƙofa da kwaɗo, da inuwa, da ruwan sha, da maɓoya. Kuma ya tuna da cewa sabo turken wawa ne: mesa takan saba da hannu, amma ba ta shaƙuwa da mutum irin ta kare ko doki.

Masu Dafi

Duk abin da aka faɗa a sama bai shafi kububuwa da kasa da kumurci da gamsheƙa ba. Waɗannan ba su da wurin zama a cikin gida ko kaɗan. Cire musu fiƙa, kamar yadda wasu masu wasa ke yi, ba kariya ba ce, domin sababbi suna sake tsirowa. Tun a shekarun 1970 binciken David Warrell a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya bayyana yadda dafin kububuwa ke hana jini daskarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa duk shekara a duniya sakamakon saran maciji, kuma a 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Wanda aka sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi asibitin da ke da allurar kashe dafi, irin wadda asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara da ita. In gamsheƙa ta yi tofi a ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa.

Kammalawa

Mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma a 1985 Nijeriya ta kafa Doka ta 11 don kare irin waɗannan halittu. Farautarta don fata da kitse yana rage yawanta, kuma duk mesar da aka raba da fadama an bar ɓeraye da gafiyoyi ke nan su yi ɓarna a gonar shinkafa da rumbu. Manomin Rabah ko na Wurno ya fi cin moriyarta tana daji a kan tana akwati. In ta shigo gida, abin da ya kamata shi ne a kwashe yara da dabbobi, a ba ta hanya, a kira ma'aikatan gandun daji ko wani gwani. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.