Yawan Taki da Rikicin Naitirojin a Ƙasar Holan

Naitirojin sinadari ne da kowace shuka ke buƙata domin ta yi ganye, kuma shi ne jigon takin zamani irin su yuriya, sai dai abin da shuka ba ta sha ba yakan bi ruwa ya gangara rijiyoyi da koguna, ko kuma ya tashi sama a matsayin amoniya, wato iskar nan mai hawa kai da ke fitowa idan fitsarin dabbobi ya gauraya da kashinsu. A ƙasar Holan wannan iska ce ta zama rigimar siyasa, domin ƙasar, duk da ƙanƙantarta, tana kiwon shanu kusan miliyan 4 da aladu kimanin miliyan 10 da kaji kimanin miliyan 100.

Tushen matsalar shi ne raba kiwo da gona. Manomin ƙasar Hausa yakan roƙi makiyayi ya sauka a gonarsa da rani saboda taki, kasancewar dabbar da ta ci karan gonar ita ke mayar mata da ƙarfinta. A Holan kuwa ana shigo da waken soya daga ƙasashe irin su Burazil a ciyar da dabbobi, a fitar da madara da cuku da nama kasuwannin duniya, kashin kuma ya tsaya a gida, ya fi ƙarfin abin da gonaki za su iya sha. Amoniyar da ke tashi daga turakun tana sauka a gandun dajin da dokar Tarayyar Turai ta keɓe, inda take sa ƙasa ta yi tsami, ciyawa mai son taki ta mamaye tsirran da suka saba da ƙasa maras ƙarfi, ƙwari da tsuntsayen da suka dogara da su kuma su ragu.

A watan Mayun 2019 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta soke tsarin ba da izini, wanda ke amincewa da sabbin ayyuka bisa alkawarin rage gurɓata nan gaba. Dubban ayyukan gine-gine suka tsaya cik, har aka rage gudun mota da rana zuwa kilomita 100 a awa domin rage naitirojin da motoci ke fitarwa. Da gwamnati ta bayyana shirinta na 2022 na rage fitar naitirojin da rabi kafin 2030, tare da ware kusan Yuro biliyan 25 don sayen wasu gonaki da sauya fasalin wasu, manoma sun tare manyan hanyoyi da taraktoci, kuma jam'iyyarsu ta BBB ta zo ta ɗaya a zaɓen larduna na Maris 2023. Fushin nasu yana da dalili, tunda gwamnati da bankuna ne suka daɗe suna zuga su su faɗaɗa garke su ci bashi.

Dabarun da ake nuna wa manoma, kamar cusa taki cikin ƙasa maimakon watsa shi, da rage furotin a abincin shanu, da daɓen da ke raba fitsari da kashi, suna rage amoniya, amma wasunsu ba su kai abin da aka yi zato ba da aka auna su a turakun manoma. Saboda haka batun rage yawan dabbobi, wanda 'yan siyasa ke kauce wa, ya ƙi gushewa, kuma a Janairun 2025 wata kotu a birnin Heg ta umarci gwamnati ta cimma mizanin rage naitirojin da doka ta gindaya na 2030 ko ta biya tarar Yuro miliyan 10.