An Juya Wayar Batir, Mota Ta Ƙi Tashi

Tartsatsi ne zai tashi da ƙara fat, sai ɗan warin roba mai ƙuna ya biyo baya. A murɗa makulli, mota ta yi gum, ko fitilar dashbod ba ta kawo ba. Abin da ke faruwa ke nan idan aka juya wayoyin batir, aka ɗora ja a gurbin baƙa. Kafin mai mota ya gama salati, wani na gefe ya riga ya yanke hukunci cewa kwamfutar motar, wadda masu gyara ke kira biren-bos, ta ƙone. Sau da yawa ba haka ba ne. Abin da ya mutu fis ne, kuma dama don ya mutu aka saka shi.

Kuskuren ba sai sakarai yake yi ba. Batir iri biyu ne wajen zaman kawunansa: akwai mai kan ja a dama, akwai mai shi a hagu. A batiran motocin Japan harafin ƙarshe na lambar ne ke nuna haka, kamar 55D23L da 55D23R. Girmansu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, amma kawunan sun yi musayar gefe. Mutum ya sayo wanda ba na motarsa ba, ya ajiye shi yadda tsohon yake, ya ɗaura. Wasu kuma wajen jona batir da na wata mota cikin duhu abin ke samun su. Masu ƙera batir sun yi dabara, sun sa kan ja, mai alamar +, ya ɗan fi ɗayan kauri, sai dai wanda ya ga waya ta ƙi shiga ya ɗauko sifana ya buɗa bakinta ya riga ya ɓata wannan dabarar.

Me ke faruwa a cikin daƙiƙar nan? A cikin altaneta, wato injin da ke caja batir, akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira dayod, galibi guda shida. Aikinsu su bar wuta ta bi hanya ɗaya kawai, daga altaneta zuwa batir. Idan aka juya wayoyi sai hanyar ta buɗe gaba ɗaya, wutar batir ta kwarara ta cikinsu babu abin da ke tare ta. A kan wannan hanya aka girke babban fis, mai ɗaukar amfiya 80, 100 ko 120 gwargwadon mota. Shi ne ke narkewa ya yanke wutar kafin wayoyi su kama.

Saboda haka abu na farko shi ne a cire wayar nan take, kada a sake murɗa makulli. A dubi batirin: idan ya kumbura, ya tsage ko ya yi zafi, a bar shi, kuma a nisanta wuta da sigari, domin iskar da yake fitarwa tana fashewa. Idan lafiyarsa ƙalau, mita za ta nuna kusan bolt 12.6. Sai a ɗaura daidai, ja da farko, baƙa a ƙarshe.

Daga nan a buɗe akwatin fis da ke ƙarƙashin bonet. Babban fis ɗin ɗan akwati ne mai murfin roba garai-garai, ana hango ƙarfen ciki. Idan ya tsinke ko murfin ya yi baƙi, an gano mai laifi. A motocin Toyota da yawa an rubuta ALT a kansa. Ga inda ake ɓarna: wannan fis ba a zare shi da filaya kamar ƙanana, domin da noti aka ɗaure shi ta ƙasan akwatin. Yaron gareji mai gaggawa zai yi ta fizga har ya fasa akwatin, gyaran ƙaramin kuɗi ya koma babba. Bayan shi a bi ƙananan fis ɗaya bayan ɗaya da kwan gwaji, har da na cikin mota, musamman masu rubutun EFI, ECU ko IGN. Mota na iya yin kik da ƙarfi amma ta ƙi kamawa don ɗayansu ya tafi.

Akwai masu wayarin da za su ce, "Alhaji, bari mu haɗa shi da waya ka samu ka isa gida." Kada ka yarda. Idan dayod ɗin altaneta sun haɗe, wayar ba za ta narke ba, wayarin motar ne zai narke. Gwajin da ya dace mai sauƙi ne. Idan sabon fis ya sake ƙonewa da zarar an ɗora batir, a cire baƙar waya, a kwance wayar nan mai kauri da ke bayan altaneta, a naɗe bakinta da tef, a sa wani fis, a mayar da baƙar wayar. In bai ƙone ba, altaneta ce ta lalace. In kuwa mota ta tashi tun farko, a auna batir injin na aiki. Ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Al'adar nan ta cire kan batir injin na gudu wai don a gwada caji, gadon zamanin Peugeot 504 ce, lokacin da mota ba ta da kwamfuta. A motar yau tana iya kashe abin da juyin wayar ma ya bari.

Sai an gama duk wannan ake zargin kwamfuta. Alamunta sanannu ne: an buɗe makulli, fis duka lafiya, wuta na isa gare ta, amma fitilar nan mai hoton inji ba ta kunna ba, ba a ji famfon mai ya yi ɗan kukansa na daƙiƙa biyu ba, na'urar bincike kuma ta kasa magana da motar. Ko a nan a bi a hankali wajen sayen ta Beljiyam, wato ta hannu. Dole lambar da ke jikinta ta dace da ta tsohuwar, kuma a motar da makullinta ke da tsaro a ciki, sai an sa mai na'ura ya daidaita ta da makullin kafin injin ya yarda ya tashi.